Darakta Walƙiya da Bargon Yini Ɗaya

Idan za a lissafa manyan mutanen da Allah ya albarkaci layinmu da su, dole a fara da Darakta, a tsaya a sha ruwa, sannan a tuna da sauran. Tela ne, amma kada ka kuskura ka faɗi haka a gabansa. Shi masanin fasahar tufafi ne, kuma haka aka rubuta a allon da ke saman ƙofarsa, a ƙarƙashin sunan ma'aikatar: Cibiyar Ɗinkin Zamani ta Ƙasa da Ƙasa. Cibiyar ɗaki ɗaya ce a gaban gidansu, da keken ɗinki ɗaya, da tebur ɗaya, da fankar da sai an zungure ta da sanda take tashi. Ma'aikatan cibiyar kuwa, daga Darakta sai Darakta. Shi ke ba da umarni, shi ke karɓa, kuma har yau ba a taɓa jin wani ma'aikaci ya yi masa gardama ba.

Baiwar da ta raba shi da sauran 'yan Adam ita ce sauri. Yana da agogon nan na masu tseren gudu, rataye a wuyansa da igiyar takalmi, kuma babu abin da ba ya aunawa da shi. Shan shayi, minti biyu. Aski, minti huɗu. Idan ka je gaishe shi, kafin ka kai ga tambayar iyali ya danna agogo ya ce an cinye lokaci. Shi ya sa muke kiransa Walƙiya a bayan idonsa. Da labarin ya kai masa sai ya ji daɗi, ya kira mai fenti aka ƙara sunan a allo.

Ayyukansa ba a ɓoye suke ba, suna yawo a layi da ƙafafunsu. Mai gyaran rediyo har gobe yana sanye da wandon da ƙafar hagu ta fi ta dama tsawo da yatsa uku. Da ya koma ya yi ƙorafi, Darakta ya dube shi sama da ƙasa, ya ba shi shawarar ya je asibiti a duba masa ƙugu. Mai kemis yana da riga mai aljihu biyu masu kyan gaske, an ɗinke bakinsu ruf. Darakta ya ce maganin ɓarayi ne.

Amma abin da ya ɗaga shi sama da kowa shi ne takardar shaida. Bara aka shirya wani kwas na kwana uku a kan bargon ƙyallaye, irin wanda ake yanka yadi ƙanana ƙanana masu kusurwa huɗu, a haɗa su layi layi, a shimfiɗa auduga a tsakiya, a sa shafi a baya, sannan a bi duka da ɗinki. Darakta ya halarci rana ta farko. A rana ta biyu da tsakar rana ya miƙe, ya gyara hula, ya shaida wa malamar cewa abin da za ta faɗa gobe ya riga ya hango shi tun jiya. Bai sake komawa ba sai ranar rabon takarda, kuma shi ne na farko a layi. Takarda ce mai kauri, fara tas, da sunansa a tsakiya da hatimi mai ruwan zinare. Ya sa ta a gilashi, ya kafa ƙusa da bugu ɗaya, ya rataye. Ko awa ba a yi ba ƙusar ta fice, gilashin ya tarwatse. Mai ɗakinsa ta share, ta kife takardar a aljihun tebur, inda yake tara kwalayen da ake cirowa daga sababbin riguna, kafin a samo wani gilashin. Shekara guda ke nan ana samowa.

To, a cikin gidan nan akwai wata baiwar Allah da ba ta da ko takardar shaida, wato yayarsa. Yaya ta shekara talatin tana ɗinka irin wannan bargo da hannu, kuma abin tausayi, ba ta san ta jahilci aikin ba. Sai ta wanke kowane yadi, ta shanya, ta goge. Tana da wani ɗan ma'auni da aka yanka mata daga marfin gwangwani. Ta ɗora shi a kan yadi, ta zagaye shi da alli, ta ɗauke shi, sannan ta bi layin allin da almakashi, ƙyalle ɗaya bayan ɗaya. Darakta yana kiranta Ma'aikatar Jinkiri. Bargunan nata dai suna nan a gidajen mutane, yaran da aka lulluɓa da su har sun yi gemu.

Sai kuma Inna, mahaifiyarsu. Shekara tamanin da uku, doguwa ce sambal, idonta garau, harshenta ya fi idon lafiya. Matsalarta ɗaya ce a duniya: ƙafafu. Da sanyi ya fara leƙowa sai su yi kamar an tsoma su a randa, ta kwana tana juyi. A bana ta gaji. Ta sa aka jawo mata akwatinta, ta fito da zannuwa bakwai, su ne duk abin da ta adana a rayuwarta. Akwai wanda ta ɗaura ranar da suka tare a gidan nan, akwai na ƙanwarta da ta rasu, akwai kuma wani kore shar da marigayi mijinta ya saya mata ranar da ta haifi Darakta. Ta tura su gaban Yaya ta ce a yanka, a yi mata bargo. Kafaɗa ba ta dame ta ba, in ji ta, ita dai ƙafafun nan su rufu. Yaya ta shafa zannuwan ta ce sati shida. Ta wanke su, ta goge, ta jera a kan kujera.

A kan kujerar nan Darakta ya gan su. Da ya ji an ce sati shida sai da ya dafa bango.

"Sati shida! Inna, a gidan da Cibiya take? A gidan da takardar shaida take kwana? Wallahi da mutanen waje za su ji wannan, da sun janye hulɗa da mu. Wannan aikin yini ɗaya ne. Ku ba ni daga ƙarfe takwas na safe, kafin la'asar Inna tana cikin bargo tana gumi. Ni ba na ɗinki da hannu, da ilimi nake ɗinki."

Inna mace ce mai wayo, ba a taɓa sayar mata da ruɓaɓɓen tumatir ba. Amma tana da rauni ɗaya, kuma shi ne ke tsaye a gabanta da tumbi da furfura a gemu. Shekararsa hamsin da biyu, amma a wurinta auta ne.

"Ba wa auta ya gwada," ta ce.

"Inna, idan aka yanka su, babu wasu fa," in ji Yaya.

"Na ce ki ba shi."

Yaya ta ba shi. Har ta haɗa masa da ɗan ma'auninta na gwangwani. Darakta ya ɗaga shi da yatsa biyu kamar ya tsinci mataccen ɓera, ya mayar mata, ya ce ta ajiye wa gidan tarihi.

Ranar aiki ya gayyaci shaidu. Mai gyaran rediyo ya zo da wandonsa, mai kemis ya zo da aljihunansa, mai wanki da guga ya bar kayan mutane a jiƙe ya zo, ni ma na rufe shago na samu benci. Surukinsa ya tsaya a kusurwa da waya yana ɗaukar bidiyo, domin tarihi. Ƙarfe takwas daidai Darakta ya danna agogo. Ya fizgo aljihun tebur ba tare da ya duba ba, ya laluba, ya zaro kwalin da ya fi kauri, ya ɗora rula, ya sa reza ya ɓantalo taƙi guda mai kusurwa huɗu daga tsakiyarsa. Wannan shi ne ma'auninsa. Mai ɗakinsa da ta shigo da shayi ta zaro ido.

"Darakta, ai wannan kwalin..."

"Agogo yana tafiya!" Ya cilla ragowar kwalin ƙarƙashin tebur.

Ta dube shi, ta dubi ƙarƙashin tebur, ta ajiye shayin ta fita. Mace ce da ta shekara ashirin da huɗu tana fara magana ba ta ƙarasawa.

Yanzu ga fasahar, kuma ina roƙon masu karatu su natsu, don ba kullum ake samun irin wannan ilimi kyauta ba. Alli na masu lokaci ne. Darakta sai ya ninke zane gida shida, ya danna kwalin a ko'ina hannunsa ya faɗa, ya bi gefen kwalin da almakashi kai tsaye, ƙaras ƙaras ƙaras. Ƙyalle shida a lokaci guda! Muka yi tafi. Abin da ba mu lura da shi ba da farko shi ne, duk zagayen da almakashin ya yi, sai ya ɗan ɗanɗani gefen kwalin. Kaɗan ne, bai fi abin da mutum yake yankewa a farce ba. Mai wanki da guga ne ya fara ganin wasu siraran fararen abubuwa suna zuba a ƙasa, ya nuna da baki ya ce, ranka ya daɗe, kamar kwalin nan yana zubar da gashi. Darakta bai ko ɗago ba. Ya ce ƙurar aiki ce, wanda bai saba ganin aiki ba dole ta ba shi mamaki.

Layin farko ƙyalle goma ne, kuma tsakani da Allah ya yi kyau. Layi na biyu ma ƙyalle goma, sai dai da aka zo haɗawa ya gaza na farko da ɗan kaɗan. Darakta ya ja shi, ya kai. Layi na huɗu ya ƙi jawuwa. Darakta ya ce yadin zamanin da ne, ba shi da tarbiyya, ya sa almakashi ya daidaita abin da ya yi saura a gefe. Daga nan abin ya zama tsari: a yanka, a haɗa, a datse gefe, a tura. Duk abin da ya ɗinku yana zubewa ta bayan keke ya taru a ƙasa, babu wanda ya shimfiɗa shi ya gani. Tef ɗin awo yana rataye a ƙusa yana kallonmu. Mai kemis ya miƙa hannu zai ɗauko, Darakta ya ce tef na waɗanda ba su yarda da idonsu ba ne.

Wajen ƙarfe goma sha biyu ya tsayar da keke, ya juya ga waya, ya ɗaga agogo.

"Jama'a, ku zama shaida. Layin farko ya ci mini minti talatin da huɗu. Na shida, minti ashirin da biyu. Wannan na tara da na gama yanzu, minti goma sha huɗu! Hannu ɗaya ne, keke ɗaya ne, ƙyalle goma ne a kowane layi. Me ya canza? Ƙwarewa. Wannan shi ake kira ci gaba, kuma ba a gadonsa, sai an je kwas."

Muka sake tafi. Ni dai na ga ƙyallayen da yake riƙewa da tafin hannu da safe yanzu da yatsu uku yake ɗaukarsu, amma wane ni in tsoma baki a harkar masana.

Koren zanen shi ya zo ƙarshe. A lokacin kwalin ya rame, ya koma abin tausayi. Darakta ya ninke zanen, ya dinga ɓantalar 'yan mitsi-mitsin ƙyallaye daga tsakiyarsa, nan ɗaya, can ɗaya, har zanen ya koma ramuka zalla, ya ture shi ƙasa kan 'yan uwansa shida da suka riga shi. A daidai nan Yaya ta leƙo ta ƙofar cikin gida. Ba ta dubi ƙaninta ba. Ta durƙusa ta ɗauki abin da ya rage na koren zanen, ta ɗaga shi, muka hango fuskarta ta cikin ramukan. Ta ninke shi a hankali kamar lafiyayye, ta koma ciki. Ni kam a nan dariya ta maƙale mini, na ji haushin kaina da na yi tafi.

Darakta bai gani ba, yana kan mataki na gaba. Ya jawo auduga da shafi, ya ga sun fi bargon girma ta ƙasa nesa ba kusa ba, ya yi tsaki ya ce masana'antu sun lalace, ba sa iya yanka abu daidai. Ya datse su su ma. Ya danna duka a ƙarƙashin allura, ya taka keke har tebur yana rawa. Ƙarfe uku da minti goma sha bakwai ya danna agogo, ya miƙe, ya ɗaga hannu biyu sama. Surukinsa ya matso da waya har tana taɓa masa gemu.

Aka ɗunguma zuwa ɗakin Inna, Darakta a gaba da bargo a naɗe a kafaɗa. Inna ta kowa ce a layin, don haka duk muka shiga muka jeru a jikin bango. Tana kwance a miƙe a gadonta, Yaya na zaune a gefe. Darakta ya yi gyaran murya, ya kama bakin bargon, ya warware shi a kanta da fizga ɗaya.

Ta sama, masha Allah. Ya rufe kafaɗun Inna, ya zubo ta gefen gado biyu har yana taɓa ƙasa, da mutum uku za su shiga su yi hira. Daga ƙirji ya fara tsukewa. A ƙugu ya yi daidai da gadon. A gwiwa ya yi daidai da Inna. Daga nan ya ci gaba da shiga ciki kamar mazurari, har ya ƙare a tsakiyar ƙwauri, da faɗin da bai wuce matashin kai ba, da 'yan korayen ƙyallaye a jere kamar haƙoran yaro. Can ƙasa kuwa ga ƙafafun Inna guda biyu a waje, dogaye, tsirara, suna kallon silin. Ta motsa yatsun, wataƙila don ta tabbatar nata ne.

Mai gyaran rediyo ya sunkuyar da kai yana duban ƙafar wandonsa, kamar wanda ya haɗu da ɗan uwa a baƙon wuri. Da wani mutum ne, da ya nemi ƙasa ta tsage ya shige. Amma ba a zama Darakta a banza.

"Na san za ku yi mamaki," ya ce, yana zagaya gadon da hannu a baya. "Duk sabon abu haka yake. Ku dubi ɗan Adam da kyau. A ina ya fi faɗi? A kafaɗa. A ina ya fi tsukewa? A ƙasa. To don me za a yi masa bargo mai faɗi ɗaya daga sama har ƙasa, kamar ƙofa? Ɓarnar yadi ce. Wannan bargo yana bin surar jiki. Game da ƙafa kuma, bincike ya nuna tana bukatar iska. A ƙasashen da suka ci gaba, ƙafa a waje take kwana."

"Juya min shi," in ji Inna.

Aka juya, mai faɗin ya koma ƙasa. Ƙafafu suka rufu har da rarar da za ta ishi maƙwabta. Sai dai tsukakken bakin ya tsaya mata a kan cibiya, kamar an ɗora mata hankici. Darakta ya karkata kai ya nazarci lamarin, ya ce a mayar yadda yake, matsalar daga kwanciyar ce. Idan Inna za ta ɗan lanƙwashe gwiwa, ta dunƙule kaɗan, komai zai shiga. Gwiwoyin Inna sun shekara goma ba su lanƙwashe don kowa ba, har likita ya haƙura.

"Auta," ta ce, "wanda ya koya maka wannan aikin, yana da ƙafa kuwa?"

Mai kemis ya yi tari. Surukin ya kau da kai yana danne dariya. Darakta ya kumbura, wuyansa ya cika igiyar agogo.

"Inna, da bakinki? A gaban jama'a ake tambayar iliminmu? To ba ni zan amsa ba, takarda za ta amsa. Ke, je ki aljihun tebur ki ɗauko min takardar shaidata. Yau kowa zai karanta da idonsa."

Mai ɗakinsa ta juya. Ta fita, kuma ba ta daɗe ba, don ta san inda za ta duba tun ƙarfe takwas na safe. Ta dawo da abu biyu. Na farko ta ɗaga shi sama da hannu biyu yadda kowa zai gani: farar takarda mai kauri, da adon zinare a gefe gefe, da sawun takalmin Darakta a kusurwa, da ƙatuwar taga a tsakiya. Ta cikin tagar muna ganin fuskarta, kuma a shekara ashirin da huɗu ban taɓa ganin matar nan cikin natsuwa irin ta ranar ba. Na biyun ta ɗora masa a tafin hannu. Ma'aunin ne, bai fi akwatin ashana ba, gefensa duk ya cinye. Darakta ya juya shi. Harafi uku ne suka rage daga sunansa, da ɗan gutsuren hatimi.

Ya buɗe baki. Muka jira jawabi. A karo na farko tun da na san shi, agogo yana tafiya shi yana tsaye.

Yaya ta cire mayafinta ta nufi ƙafafun Inna za ta rufe, Inna ta ɗaga mata hannu ta ce ta dakata.

"Karɓo min abin nan na hannunsa. Ɗora min a babban yatsa."

Yaya ta karɓa, ta ɗora. Ya zauna daram, ya rufe yatsan ruf kamar don shi aka auna. Inna ta ɗago kai daga matashi ta duba, ta gyaɗa kai.

"Madalla, ilimi ya yi rana. Ɗaya ya rufu. Saura tara, auta, sai ka koma kwas ɗin nan sau tara kafin sanyi ya kankama."